Mai Amsa na Bakwai

Ni na yi laifin, ba Malama Binta ba. Kusan shekara guda ana zaginta a Kabara a kan abin da yatsuna suka buga, ina ji da kunnena, ban buɗe baki ba. Da wannan nake son in fara, don kada ku ɗauka tsohon gwani ne ya zo yi muku burga. Sunayen da za ku gani a nan duk na canja su, ƙasar da ake yaƙin ma ba zan faɗe ta ba. In kun kai ƙarshe za ku san dalili.

Sana'ata bugun rubutu. Ina da ɗan shago kusa da Ƙofar Nassarawa, kuma yawancin aikina kundin ɗaliban jami'a ne, tun daga na digirin farko har na dokta. Ku samari da kuka buɗe shagunan kwamfuta a layinmu kuna cewa aikin ba komai ba ne, yanzu ko waya aka yi wa magana za ta rubuta. Ɗayanku ya ce da ni rannan, Baba ai kai da tafiretarka gidan tarihi ya kamata a kai ku. Na yi dariya, don da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Amma saurin yatsa shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin aikin nan.

Aikin farko da aka ba ni takardar neman aikin gadi ce. Lokacin na bar sakandare a aji biyu, mahaifina ya kai ni wurin Malam Sule, tsohon akawu da ya yi ritaya ya kafa tebur da tafireta a bakin ƙofa. Wata uku ina goge haruffa da tsohon buroshin haƙori, ina canja ribon, ina jera takarda da kabon, kafin ya bar ni in taɓa aikin mutane. Mai neman gadin ya rubuta cewa shi ba ya barci ko kaɗan. Na ga abin ya yi yawa, sai na buga cewa barcinsa kaɗan ne. Malam Sule ya karanta, ya yage takardar har da kwafin kabon biyu, ya tambaye ni wa ya sa ni. Na ce gyara na yi. Ya ce mai takarda ne zai tsaya gaban mai ɗaukar aiki, ba ni ba, in na ga kuskure in nuna wa mai ita, in ya ce a bari a bari. Abin da aka ba ka shi za ka buga, in ji shi. Wannan ita ce dokar da na tashi a kai, kuma ita na karya.

Kundin farko da na buga ni kaɗai na wani ɗalibi ne a kan cinikin fata zuwa ƙasashen waje. A nan na fara sanin cewa rubutun jami'a yana da nasa ladubban, kamar alwala, in ka tsallake gaɓa ɗaya sai an sake. Duk maganar da aka ɗauko daga wani littafi sai an bi ta da sunan mai littafin da shekara da shafi. In maganar ta yi tsawo sai a ware ta, a tura ta ciki daga gefe. Duk sunan da ya fito a cikin babi dole a same shi a manazarta, jerin littattafan da ke baya, duk wanda ke manazarta dole a same shi a cikin babi. Da rula nake bi layi-layi ina dubawa. Bayanin ƙasan shafi kuwa, a tafireta sai ka auna da fensir tun kafin ka fara, ka bar masa fili, in ba haka ba ka kai ƙasa ka ga babu wuri, ka sake shafin gaba ɗaya. Ku yanzu kwamfuta ke yi muku wannan. To, amma ba ta san ko sunan da aka sa na mai maganar ba ne.

Turancina bai kai in rubuta kundi ba, amma jan biron malamai ya koya mini abin da ban samu a aji ba. Kundi kan dawo hannuna sau huɗu, sau biyar, kowane zuwa da sabon ja. Mafi shan jan biro su ne masu rubutu a kan yaƙi da fatauci. Akwai wani ɗan Sheshe da ya rubuta cewa duk fataken da ke kai sukari da shayi ƙasar da ake yaƙi suna biyan masu bindiga. Malaminsa ya zagaye kalmar duk, ya rubuta a gefe, ka ƙirga su ne? Ya dawo ya ce in mayar da ita wasu. Aka sake zagayewa, su wa? A ƙarshe sai da ya rubuta cewa daga cikin waɗanda ya zanta da su, ga adadin da suka faɗi haka. Wani wurin ya kira mutanen 'yan ta'adda, aka soke, aka ce ya kira su da sunan da kowane ɓangare zai gane, in kuma zai sa waccan kalmar ya faɗi bakin wa ta fito. Yaron yana zaune a bencina yana ƙorafi, wai Farfesa so yake ya zama alƙali. Ni kuwa ina bugawa ina lura. Na gane cewa a irin wannan rubutu kalma ɗaya tana iya sa a kama mutum.

Na gane, na ce. Ku riƙe wannan, don kada daga baya wani ya yi mini uzuri da jahilci.

Aikin Malama Binta ya zo mini a cikin jakar leda, da rakoda 'yar ƙarama da littattafan rubutun hannu guda uku. Malamar makaranta ce, 'yar Kabara, tana neman digirin dokta a kan yadda 'yan kasuwar Kano ke ci gaba da hulɗa da kamfanonin waje alhali hanyar kayansu ta ratsa ƙasar da ake yaƙi. Ta zanta da fatake da direbobi da dillalai. Aikina in saurari hirar in rubuta ta da Hausa yadda aka faɗa, har tari da dariya, ita ta fassara, ni in buga babi-babi. Ba ta sa sunan kowa ba. Mai Amsa na Ɗaya, Mai Amsa na Biyu, haka har ƙarshe. Ta gaya mini tun ranar farko cewa abin da na ji a rakodar ya tsaya a shagon. Na ce Malama ai ni kabari ne. Ta ce to kabari dai ba ya hira da mai shayi.

Da na kunna hira ta bakwai, kafin mutumin ya gama sallama na san shi. Alhaji ne, babban ɗan kasuwa a Kabara, wakilin wani kamfanin waje mai yin injinan ban-ruwa. Shekaru ina buga masa wasiƙunsa na kasuwanci. Muryarsa ba ta ɓuya, ga gyaran murya kafin kowace magana. Hirarsa ta fi ta kowa. Ya bayyana yadda motocinsa ke wuce shingayen mayaƙa, abin da ake ba su a kowane shinge don su bar direba da ransa, yadda ake rubuta shi a takarda da sunan kuɗin hanya, da yadda kamfanin ba ya tambaya shi ma ba ya faɗa. Ya ce in bai kai injinan ba manoman can ba su da noman rani, in ya kai kuma sai ya ciyar da mai bindiga, kuma shi har yau bai san a kan wanne ne cikin biyun Allah zai tambaye shi ba. Malama ta ɗauko wannan maganar ta ware ta a tsakiyar babi na biyar. A ƙarƙashinta aka sa Mai Amsa na Bakwai.

Abin ya tsaya mini a rai. A shafin da ke kallon wannan akwai wani Bature da aka ambata da suna da shekara da shafi har sau uku, a kan maganar da ba ta kai rabin ta Alhaji ba, kuma na tabbata bai taɓa kwana a bakin shinge ba. Ni kuma na yi karatun zaure a Sheshe, wurin malamin da in ka kawo magana sai ya tambaye ka daga wa ka ji, shi kuma daga wa. A wurinsa ɗaukar ilimin mutum a ɓoye sunansa cin amana ne. Sai na ga kamar an yi wa Alhaji ƙwace: an ɗauki abin da ya sani an mai da shi lamba, kamar buhu a sito. Na yi wa Malama maganar sau ɗaya. Ta ce Malam Ilu, alkawari na yi musu, da shi suka yarda suka yi magana. Takardar alkawarin ma tana rataye a bayan kundin. Ni na buga ta, kalma-kalma, har wurin sa hannu.

Ranar da za a kai kundin ɗinki a sa masa bango, Malama ta zo da safe da kwafin da ta gama dubawa, ta yi gyare-gyarenta da koren biro, ta sa hannu a shafin farko da kwanan wata. Ta ce in shigar da gyaran in fitar da kwafi shida in kai wa mai ɗinki, ita tana da aji. Na shigar da nata. Sannan na koma babi na biyar na goge Mai Amsa na Bakwai, na buga cikakken sunan Alhaji, da unguwarsa, da shekarar hirar, daidai yadda ake yi wa masu littattafai. Na je jerin waɗanda aka zanta da su a baya na yi haka nan. Ban yi da gaggawa ba, har waƙafi na duba. Ina ganin na yi aikin lada. Har na ƙudura wata rana zan gaya wa Alhaji cewa sunansa yana ɗakin karatun jami'a.

Ba wanda ya lura. Masu jarrabawa sun riga sun karanta kwafin baya, wannan na ajiya ne. Aka sa shi a ɗakin karatu, aka ɗora shi a intanet kamar yadda ake yi yanzu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekarata a sana'a, ko da yake ni aiki bai yanke mini ba, wannan ma yana cikin abin kunyar. Kamfanin da Alhaji ke wakilta yana da masu bincika sunayen abokan hulɗarsa lokaci-lokaci. Suka buga sunansa, kundin ya fito, ga maganarsa a tsakiyar shafi. Suka aiko masa da wasiƙar yanke hulɗa. Bayan haka aka gayyace shi wani ofis ya yi kwanaki yana amsa tambayoyi. An sake shi, amma kafin ya dawo gida magana ta riga shi, wai Alhaji ne ke ciyar da masu yaƙi. Direbobinsa suka watse. Ita kuwa Malama, Alhaji ya yarda ya yi magana da ita ne saboda mahaifinta abokinsa ne tun suna yara. Aka ce ta sayar da shi don takardar digiri. Mata suka daina gayyatarta biki. Jami'a ta janye kundin, ta kafa kwamiti, aka ce digirin nata yana lilo.

Ta zo shagona da rana tsaka, ta ƙi zama. Ta ce ta duba duk abin da ke hannunta ba ta gane inda sunan ya shiga ba. Tana da jerin sunayen gaskiya a wani littafi daban, ko a gajiye ta kwafo shi cikin gyaran ƙarshe ba ta sani ba? Ta tambaye ni ko kwafin mai koren biro yana nan.

Na ce, “Malama, takardu suna da yawa, na daɗe da ba mai ƙosai su. Ni dai kin san abin da aka ba ni nake bugawa.”

Ta dube ni, ta ce haka ne, ta yi mini godiya ta tafi. Kwafin yana nan ƙarƙashin tsohuwar tafiretar Malam Sule da na gada, taku biyu daga inda ta tsaya. Dokar maigidana na ɗauko na rufe ƙaryata da ita.

Daga ranar ban ƙara zama daidai a kujera ba. In fara shafi in tashi in leƙa titi, in dawo in ga na tsallake layi. Na daina bi ta Kabara, in zan je Sheshe sai in yi zagaye. Sau biyu na ɗaga tafiretar da niyyar ƙona kwafin, sau biyu na mayar. Wani ɗalibi ya zo yana kuka da cewa babu ɗan kasuwar da zai ƙara yi wa mai bincike magana, tun abin da matar nan ta yi. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da buga masa manazarta.

Wata Talata da hantsi Alhaji ya shigo. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma gyaran muryar yana nan. Ya tsokane ni yadda ya saba, ya ce Ilu har yanzu kana nan kana dukan haruffan mutane. Sannan ya ce wasiƙa zai yi. Kwamitin jami'a ya ce ba zai yanke hukunci ba sai wanda aka cuta ya kawo ƙorafi a rubuce. Ya daɗe yana jan ƙafa saboda mahaifin Malama, amma 'ya'yansa sun matsa, shi ma ya gaji. Zai faɗa da Hausa, in juya masa zuwa Turanci yadda na saba.

Na buɗe sabon shafi. Na buga adireshi da gaisuwa. Ya ce in rubuta cewa ya ba ta amana a gaban mahaifinta, ta sa hannu shi ma ya sa, ta karya. Na buga. Ya ce in rubuta cewa yana roƙon a karɓe digirin, don kada wata ta sake. Ya faɗi cikakken sunanta, ya ce in sa shi da manyan baƙaƙe. Yatsuna suna kan madannai, suka ƙi motsi. Ya ce wuta ce ta ɗauke? Na ce a'a.

Na tashi na ɗaga tafiretar, na zaro kwafin, na buɗe babi na biyar na ajiye a gabansa. Ga koren bironta a sama da ƙasa, ga Mai Amsa na Bakwai a tsakiya ba a taɓa shi ba. Na nuna masa sa hannunta da kwanan wata. Na gaya masa abin da na yi a safiyar ranar ɗinki, da dalilina, har maganar Baturen da malamin zaure.

Ya duba shafin, sannan ya ce, “Wato girmama ni ka yi.”

Na ce haka na ɗauka.

“Ni na ce maka ina neman girma? Yarinyar nan ta tambaye ni sau uku ko na yarda, sau uku ta ce ba za a san ni ne ba. Kai ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba, ga ni kullum a shagonka.” Ya rufe kwafin ya ɗora hannu a kai. “Goge wasiƙar nan. Kuma ba ni za ka fara ba haƙuri ba. Ni dukiya na rasa. Ita ka bari tana zargin kanta.”

Abin da ya biyo baya gajere ne. Na rubuta wa kwamitin bayani da hannuna, na sa sunana na gaskiya, aka wanke ta, aka mayar da kundin da lambar a wurinta. Wakilcin Alhaji bai dawo ba, har yau ƙananan kaya yake sayarwa. Ɗalibai sun guje ni na wani lokaci, kuma daidai ne. Yanzu in aka kawo mini hira, sai mai ita ya zauna mu bi lambobin tare kafin a kai ɗinki, ya sa hannu a kan kwafin da za a ɗinka, ba wanda ya gabace shi ba. Ku ma ku riƙa yin haka. In kun ga an ambaci wani an ɓoye wani, kada ku ce rashin adalci ne. Mai littafi ana faɗin sunansa don a je a duba ko gaskiya ya faɗa. Mai amsa ana ɓoye nasa don ya kwana a gidansa.

Amma kafin duk wannan, a ranar, bayan la'asar, Alhaji ya sa ni gaba har zauren mahaifinta a Kabara, ina rungume da kwafin. Tsohon ya sa aka kira ta. Ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida, ta ga koren biron tun kafin in yi magana. Na sauka daga kan tabarma na durƙusa a ƙasa.

Na ce, “Malama, ba ki karya alkawari ba, ko da harafi ɗaya. Ni na cire lambar na sa sunan, da sanina, bayan kin sa hannu. Da kika zo tambayata na yi miki ƙarya, takardar nan tana kusa da ƙafarki. Na bari ana zaginki a unguwarku ina ji. Ba ni da uzuri, kuma ban zo in ce dole ki yafe yau ba. Duk ƙofar da aka rufe miki saboda ni, ki faɗa mini, zan je da ƙafata in gaya musu ni ne. Ki yi haƙuri, Malama. Na cuce ki.”